Kaya Na Sauka

Ba-Ribas ake ce masa a tasha, kuma ba a banza ba. Shekara da shekaru yana jan bas a cikin gari. In ya cusa hancin motarsa a lungu suka yi kiciɓis da wata, to ko dai waccan ta ja da baya, ko kowa ya wuni a nan. Haka yake a gardama, haka yake a gida. Ana nan injin bas ɗin ya buga, mai motar ya sayar da ita ga masu tsohon ƙarfe, Ba-Ribas ya koma zaman benci a ƙofar gida yana amsa gaisuwar masu tafiya aiki.

Zaman ya yi tsawo. Matarsa ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai in tana wanke-wanke kwanuka suna yin maganar a madadinta.

Mijin babbar 'yarsa ne ya zo da zancen. Direba ne a wani kamfanin tireloli, irin masu shimfiɗaɗɗen bayan nan, ba bango ba rufi, da ke ɗaukar katako da rodi da manyan injuna. Mutum ne marar hayaniya, har a wurin aiki Ruwan Sanyi suke kiransa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ya saba, idonsa a ƙasa, ya ce kamfani na neman direbobi, kuma tunda Baba yana da lasisin babbar mota tun zamanin da ya ɗan ja tifa, ya yi wa manaja magana. Ba-Ribas yana saurare yana kallon gwiwoyin wandon surukin nasa, duka biyun da faci. Ya daɗe yana ganin facin nan, ya daɗe yana cewa a ransa yaron kirki ne amma akwai maƙo.

Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya yi ta juya abin a kan benci. Albashi duk wata, ba rigima da fasinja, ba kwandasta mai dogon hannu, mota sabuwa mai sanyi a ciki. A ɗaya gefen kuma mutum ya bar gida ya yi ta kwana a bakin titi da furfurarsa. Sannan a can sabo zai zama, kuma wanda zai koya masa aikin shi ne wannan mai durƙuson. Akwai wani abu da surukin ya faɗa har sau biyu: a kamfanin ba a ba direba yaron mota, shi zai ɗaure kayansa da sarƙa da bel, shi zai rufe su da tampol. Wannan Ba-Ribas ko a cikin lissafi bai sa shi ba. Ɗaurin kaya dai? Wanda ya ɗaure akuyoyi da katifu a saman bas?

Ranar gwaji ya sa wandonsa na fita. Filin kamfanin fetal yake, siminti ko'ina, da warin gas da ɗanyen katako. Tuƙin bai ba shi wuya ba. Ya zagaya da tirelar, ya fita titi ya dawo, giya tana shiga hannunsa kamar sun saba. Da aka zo shigar da ita tsakanin durom biyu da baya, wutsiyar ta ɗan yi masa gardama, amma ta shiga. Wani bakanike ya ce yau dai an ga Ba-Ribas ya yi ribas. Aka yi dariya, shi ma ya taya, don a lokacin kansa a sama yake.

Sai aka kai shi gaban wata tirela da aka loda wa katako, an jera shi ya kai tsayin ɗaki da rabi. Tampol yana can sama a naɗe, wani baƙi mai nauyi kamar gawar bijimi. Aikin shi ne ya hau, ya warware, ya sako gefe da gefe.

Ruwan Sanyi ya riƙe masa tsani. Ya matso kusa, ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Baba, in ka hau, rarrafe ake yi. Ba a miƙewa."

Ba-Ribas ya dube shi. Wannan da ya zo neman 'yarsa yana in-ina, wannan da har yau bai taɓa haɗa ido da shi ba, shi ne zai tsaya a ƙasa yana kallon uban matarsa ya turo mazaunai sama yana tafiya da ƙafa huɗu. Ya hau tsanin, ya taka katako, ya miƙe ƙyam kamar mai shirin yi wa jama'a jawabi.

Ya kama bakin tampol ya fara ja yana tafiya. Taku kaɗan ya yi iska ta shiga ƙarƙashinsa. Abin ya kumbura, ya fizge shi zuwa baki, takalminsa ya zame a kan katako mai santsi. Ya saki tampol ɗin, ya faɗi zaune, hannunsa ya dace da wani bel ya damƙe. Ƙafarsa ɗaya tana lilo a iska. A nan ya leƙa ƙasa, ya ga simintin ya yi nisa, yana kuma juyawa a hankali kamar ruwa a bokiti.

Daga nan ƙafafunsa suka daina jin magana. Tsanin yana bayansa, ba nisa, amma juyawa ta gagara. Ya ji surukinsa ya fara hawowa.

"Kada ka hawo," ya ce.

Surukin ya koma. Rana tana dukan katako, katako yana gasa shi ta ƙasa. Masu aiki suka fara taruwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce ya rufe ido, wani ya ce a'a kada ya rufe. Shi dai bel ɗin ya riƙe, gumi yana shiga masa ido ba hannun sharewa.

A filin akwai 'yar motar nan mai yatsu biyu ta ɗaga kaya, cokali suke ce mata, mai janta kuma Mai Cokali. Shi aka kira. Ya soko faffaɗan katakon da ake jera buhuna a kai, ya ɗaga shi har daidai inda Ba-Ribas yake. Ba-Ribas ya ja jiki da mazaunai, kaɗan-kaɗan, har ya hau ya zauna a tsakiya ya rungume gwiwoyinsa.

Dokar filin ce, duk abin da cokali zai sauke sai mai janta ya yi shela don na ƙasa su kauce. Mai Cokali ya yi ta sau dubbai, bakinsa ya riga kansa.

"Kaya na sauka!"

Da dariya suka fashe da ita gaba ɗaya da ya fi sauƙi. Ba su yi ba. Wannan ya juya yana tari, wancan ya duƙa yana gyara igiyar takalmi, kafaɗu suna rawa. Can daga baya wani ya tambaya a wane sito za a ajiye. Ruwan Sanyi ne kaɗai bai ga komai ba, ya ba da baya yana duba wata taya da lafiyarta lau.

Manaja bai yi kwana-kwana ba. Ya ce tuƙi ba laifi, har ya fi na wasu da suka daɗe. Amma a wannan kamfani tampol rabin aiki ne, ruwa ya taɓa kayan mutane kamfani ne zai biya. In yana so ya dawo farkon mako ya sake gwadawa, in ba ya so ba wanda zai ga laifinsa.

Surukin ya kawo babur zai kai shi gida. Ba-Ribas ya ce ƙafarsa yake son miƙewa.

A gida ya tarar matarsa ta wanke tsohuwar jakarsa ta tafiya ta shanya a igiya. Ya ce mata aikin bai yi masa ba, tafiyar ta yi yawa, kuma motocin ba wasu na kirki ba ne. Ta ce to. Da yamma ta ɗauki wandon da ya tuɓe, ta ɗaga shi a haske. Bayan wandon ya yage, ga tsinkayen katako sun soke shi. Ta zauna ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta ɗinke, ba ta tambaye shi komai ba. Yana kallonta ta labule, ya ji da ma ta tambaya ya samu wanda zai yi wa faɗa.

Sai ga wayar 'yarsa. Muryarta cike da murna. Wai mijinta ya ce Baba ya ja tirela har manaja ya fito daga ofis yana kallo. Ya jira sauran labarin. Babu saura. Yaron ko matarsa bai gaya wa ba. Ba-Ribas ya ajiye wayar, ya ture abincin da ke gabansa gefe.

Washegari ya leƙa tasha, ko akwai motar da ba direba. Babu. Tsofaffin abokai suka matsa suka ba shi wuri a benci, wani yaro da shi ya koya wa riƙe sitiyari ya ce in Baba ba zai damu ba, ana neman mai kiran fasinja a bakin layi. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, abin da ya fi ciwo ke nan. Ba-Ribas ya dawo gida ya zauna a bencinsa. Ya duba gaba kunya, ya duba baya kunya. Bambancin kawai ɗaya tana da albashi.

Ana gobe ranar da manaja ya sa, surukin ya zo. Ya durƙusa inda ya saba. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga abin da ya kawo shi. Ya ce ya yi tunani, za a iya haɗa motocinsu hanya ɗaya, duk inda aka yi lodi shi zai hau ya rufe na Baba, ba sai kowa ya sani ba.

"Wato ni in riƙe sitiyari, kai ka riƙe ni."

Surukin ya ƙara sunkuyar da kai. Ba-Ribas ya jefo masa tambaya.

"Kai ma rarrafen kake yi?"

"Kullum, Baba. Kowa ma. Har manaja da yake kan hanya."

Ba-Ribas ya sake duban gwiwoyin wandon nan masu faci. Ashe ba maƙo ba ne. Da waɗannan gwiwoyin ake ciyar da 'yarsa da jikokinsa, shi yana zaune yana yi musu kallon raini. Ya kau da kai wajen bango, ya ce wa surukin dare bai yi ba amma ya tashi ya tafi, iyali na jira.

Da safe ya ce wa matarsa ta ba shi wandon da ta ɗinke. Ta miƙo masa, ta haɗa da jakar.

Mai gadin kamfani ya buɗe masa ƙofa yana cije leɓe. Bakaniken nan ya hango shi ya taɓa na kusa da shi. Ba-Ribas ya bi ta tsakiyarsu, kunnuwansa suna zafi. Wata tirelar ce yau, amma katakon tsayinsa ɗaya. Mai Cokali ya leƙo daga kujerarsa, da alamar shi ma abin yana damunsa.

"Baba, ran nan bakina ne ya kuɓuce. In matso da cokali kusa?"

"Matso. In na faɗo ka yi shelarka."

Ya hau tsanin a hankali. Da ya kai sama simintin ya fara halinsa. Ya ɗora tafin hannu a kan katako, ya ɗora ɗayan. Sannan gwiwa, sannan gwiwa. Ƙasa ta tsaya wuri ɗaya. Ya tura tampol da tafin hannu yana binsa da rarrafe, ɗinkin matarsa yana kallon duk wanda ke filin.

Ya saci kallon ƙasa. Surukinsa ya ba da baya, yana can yana duba tayar da ba abin da ya same ta.

"Kai," Ba-Ribas ya ce. "Juyo ka duba. In na yi ba daidai ba, taya ce za ta gaya mini?"

Ruwan Sanyi ya juyo. Ya ɗaga kai, karo na farko ya dubi uban matarsa sosai. Ya dubi tampol ɗin, ya ga ya karkace ta gefen hagu. Ya yi gyaran murya.

"Ya ɗan zarce, Baba. Sai ka ja da baya kaɗan."

Ba-Ribas ya haɗiye gardamar da ta taso masa. Ya sunkuyar da kai, ya fara ja da baya, gwiwa bayan gwiwa.