Kawuna Arba'in da Uku

Abdu masunci bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Cewa yake wannan aikin marasa aiki ne. Da zazzaɓi ya ɗauke shi a daminar 1994, matarsa Rakiya ta shiga takaba, a nan ne kuma ta lura fuskarsa ta fara ɓace mata. Muryar tana nan, tarinsa ma yana nan, amma in ta rufe ido sai goshi da hanci su ƙi haɗuwa. Abin ya ba ta tsoro ƙwarai.

Sai ta ji labarin Illo mai hoto. Kafin rasuwar, wani faroje na gyaran tabki ya sa shi ya tsaya a bakin ruwa yana juyawa yana ɗauka, hoto goma sha biyu. Aka manna su kewaye da bangon wani ɗaki, in baƙo ya tsaya a tsakiya sai ya ji kamar yana bakin tabkin Madarumfa. An ce ranar Abdu yana wurin.

Ran da ta fita takaba ta nufi shagon Illo. Ya yi mata gaisuwa, sannan ya ce hoton masuntan ma ba ya jikin bango. Mushen faroje, wato shugaban aikin, mutum mai son ƙirga abin da ba a aike shi ba, ya ɗora wa kowane hoto farar leda mai layi-layi da aka raba gida-gida, yana lissafa abin da ya faɗa kowane gida. Da ya zo kan na masunta ya samu kawuna arba'in da uku, ban da jirage da kwanduna, ya ce ya cika tarkace, yana gajiyar da ido. Aka sake ɗaukar wurin da rana tsaka, ba kowa.

Illo ya zaro tarkacen daga ƙasan akwati ya miƙa mata.

Kowane kai bai fi ƙwayar gero ba. Rabinsu sun ba da baya, sauran sun sunkuya kan komar kamun kifi. Ta kai hoton bakin ƙofa, ta bi su ɗaya-ɗaya da farce, ta koma ta sake. Shekara goma sha tara suna tare, ga shi ta kasa. Kunya ta kama ta, baƙin ciki ya biyo.

"Malam Illo, kai ka gane shi?"

"Wallahi ban sani ba. Na dai san shina ciki."

A gida ta tarar da uwar Abdu, Inna Salamatu, zaune a ƙofar ɗaki tana jira tun safe. Tsohuwar ta karɓi hoton da hannu biyu, ta kawo shi dab da ido, ta tambaya wanne ne.

Rakiya ta ɗora yatsa kan wani mai farar riga. "Ga shi nan, Inna."

Tsohuwar ta daɗe tana shafa wurin da babban yatsa. Ta ce ashe tun lokacin ya rame, su ba su lura ba.