Gidan Maiwada

"Aro ce, na gaya maka. Fadamar nan aro ce tun daga kan kakanka."

Baba Gambo ne, yana tsaye a bakin kunya, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa don kada laka ta taɓa ta. Safiyanu bai daina share gindin rake ba.

"Shekara sittin, Baba. Wane irin aro ne ba a zuwa karɓa?"

"Irin na 'yan'uwa masu kunya. Yanzu kunyar ta ƙare."

Gambo ɗan wan kakan Safiyanu ne. Uban Gambo, Auwalu, da kakan Safiyanu, Ya'u, duk Likoro ta san su a matsayin 'ya'yan Malam Iliyasu, uba ɗaya, uwa daban. Fadamar tana hannun Ya'u har ya mutu, ta koma hannun ɗansa, uban Safiyanu, shi ma ya mutu bara. Ita kaɗai Safiyanu ya gada, ita ke ciyar da uwarsa da ƙannensa.

Gambo ya zaro takarda daga aljihu. Hoton shafi ne daga tsohon littafin ƙidaya na zamanin En'e, wanda jikokin malamin dagaci ke ajiye da shi a akwati. Ya ɗora farce a kan layi.

"Kai da ka yi sakandare, karanta. Auwalu, an haife shi a Likoro. Sauran yaran, Likoro. Ya'u fa?"

Safiyanu ya goge hannu a wando ya karɓa. Gidan Maiwada. Babu gunduma, babu komai, sunan kawai.

"Agola ne," in ji Gambo, murya ƙasa-ƙasa kamar yana yi masa ta'aziyya. "Da shi uwarsa Mairo ta shigo gidan Malam. Agola ba ya gado. Alhamis za mu zauna gaban dagaci."

Ya tafi. Safiyanu ya daɗe yana kallon takardar. Wa ya buɗe wa Gambo akwatin? Me ya sa sai bana, da masu noman rani suka fara zagaya fadama suna tambayar farashi? Bai gaya wa uwarsa komai ba. Washegari ya zuba mai a babur.

A kasuwar Hunkuyi ya fara cigiyar Gidan Maiwada, wajen tsofaffin masu awon hatsi, waɗanda suka san kowane ƙauye da irin dawarsa. Ɗayansu ya yi dariya har goro ya faɗo masa daga baki.

"Yaro, gidan gona ba gari ba ne. Sunan mai gida yake ɗauka. Mai gida ya mutu, a binne shi da sunan, ɗansa ya ɗora nasa. Wanda kake nema ya sake suna sau biyu ko uku. Maiwada kuwa, ni kaɗai na san huɗu."

Na farkon, ta hanyar Ikara, ruga ce, kuma mai ita da ransa, ya ma ba shi nono. Na biyu kufai ne, kuka ɗaya da rijiya busasshiya. Kwana biyu suka tafi. Duk inda ya tsaya sai a tambaye shi ko daga gwamnati yake, shi kuma sai ya ga kamar an riga an san da zuwansa.

Ran Laraba, bayan Nasarawan Doya, wani mai huɗa ya tsayar da shanunsa ya nuna masa wasu rumbuna.

"Gidan Ahmadu muke cewa. Amma ina yaro na ji ana cewa Gidan Maiwada. Akwai tsohuwa a ciki, Iya Azumi. Autar Maiwada ce."

Aka yi masa iso. Tana zaune a ƙofar ɗaki a kan buzu, idanunta sun yi fari, tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ya durƙusa, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ta tambayi damina, ta tambayi mutanen gida da ba ta sani ba. Sannan ya ce shi jikan Ya'u ne, ɗan Mairo.

Hannunta ya tsaya.

"Yaya Mairo. Matso in taɓa ka. To, ashe miji na yi. Ka zo hannu biyu, ko goro babu?"

"Zan kawo, Iya." Ya ƙara matsowa. "Yayarki ce? 'Yar Maiwada?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. A ɗakin can ta haifi Ya'u, inda rumbu yake yanzu. Ɗan fari ai a gaban iyaye ake haihuwarsa. Goyon ciki ta zo. Ni nake kai mata ruwan wanka, ina 'yar mitsitsiya, har na taɓa ƙonewa a nan." Ta nuna wuyan hannu.

Safiyanu ya sauke numfashi. Shi ke nan. Ɗan fari. Shi ya sa sauran suke Likoro, Ya'u kaɗai yake nan. Abin da kowace tsohuwa ta sani, shi da takardar sakandarensa bai tuna ba. Ya ciro waya, ya danna wurin ɗaukar murya, ya ajiye kusa da buzun.

"Iya, ki maimaita don dagaci ya ji."

Ta maimaita, har da ƙari. Ta faɗi ragon suna, ta faɗi kunun kanwa. Shi kuwa idonsa ya sauka a cikin ɗakin, ta bayan kafaɗarta. A kan gado akwai turmin atamfa sabo, ko takardarsa ba a ɓare ba, da sandunan sabulu uku, da ƙullin mazarƙwaila. Cikin kayan ɗakin nan su kaɗai ne sababbi.

"Sai ranar da mutanen Likoro suka zo tafiya da ita," in ji tsohuwar. "An yi guɗa, an ci tuwo. Aka ɗora ta a jaki. Ya'u ya ƙi hawa, ya bi jakin da ƙafa yana kuka, yana jan wutsiya."

"Da ƙafa?"

"Da ƙafarsa. Har bakin rafi."

Jaririn kwana arba'in ba ya bin jaki. Safiyanu ya san a da wasu mata sukan zauna a gidan iyaye har yaye, in miji ya yi tafiya ko an yi saɓani. Ya kuma san mace kan haihu, mijin ya mutu, wani ya zo ya aure ta da ɗanta. Guɗa ɗaya ce, tuwo ɗaya ne.

"Shekara nawa ta yi a nan?"

"Ina ƙarama, mijina. Wa ke ƙirga shekara?"

"Atamfar can fa? Wa ya kawo?"

"Masu zumunci ba sa ƙarewa." Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa, kwasfa na faɗuwa gefe.

Ya kalli wayar. Tana ta ɗauka, minti tara. Zai iya yanke muryar daga inda jaki ya shigo, dagaci ba zai sani ba. Amma in Gambo ya riga shi zuwa nan, to shi ma muryar da ya ɗauka tana aljihunsa, kuma daga jaki ta fara. In kuwa ba Gambo ba ne, in tsohuwar abin da ta gani ta faɗa, to gobe da bakinsa zai tsaya ya rantse a kan abin da bai sani ba.

Bai kashe wayar ba. Ya matso da ita kusa da bakinta.

"Iya Azumi, don Allah. Ranar nan da Malam Iliyasu ya aiko da jaki, matarsa ya aiko a ɗauko masa, ko amarya?"