Kafaɗar Mai Walda

Shekara ashirin ina ɗaukar hoton cikin jikin mutane a asibiti, don haka in majinyaci zai yi mini ƙarya, tun daga zamansa nake ganewa.

Wannan wani dattijo ne, an turo shi da ƙari a fatar kafaɗarsa ta dama, irin wanda likitan fata ma ya ce sau biyu ya taɓa gani. Ana son a san zurfinsa. In a nama ya tsaya, a yanke shi. In ya kama ƙashi, to hannun ne zai tafi.

Babban injinmu maganaɗisu ne, ko allura ba ta shiga ɗakin. Na ɗauko takardar tambayoyi.

"Baba, ƙarfe ya taɓa shiga idonka?"

"A'a."

"Wace sana'a kake yi?"

"'Yan buge-buge dai."

Buge-buge! Ga hannuwa nan duk tabon tartsatsi.

"Baba, walda kake yi."

Ya sunkuyar da kai. "'Yata, wata uku ina jiran ranar nan. A layi wani ya ce in na faɗa za ki mayar da ni gida."

Wallahi raina ya ɓaci, amma ba da shi ba, da wancan mai bakin. Na ce, "Ba inda za ka. Sai dai injin nan yana jan ƙarfe, ko a cikin ido yake. Mu fara duba idon."

Muka yi ƙaramin hoto a ɗakin da ke gefe. Ga shi nan kuwa a idon hagu, ɗigo fari kamar ƙwayar yashi. Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ni da na ɗauka hawaye ya wanke shi tuntuni."

Na buga wa likita waya, na matsa masa lamba har ya yarda a yi da ɗaya injin, wanda ba ruwansa da ƙarfe. Baba ya kwanta, na sa masa ruwan hoto ta jijiya, na ce ya riƙe numfashi. Ko motsi bai yi ba.

Bayan azahar likita ya sauko da kansa. Ya yi ta juya hotunan, ni kuma ina tsaye ina jira kamar mahaifina ne.

Sannan likita ya juya ga dattijon ya ce, "Bai kai ƙashi ba, Baba. Za mu yanke da faɗi, amma hannunka na nan."

Dattijon ya ɗaga hannun, ya buɗe yatsu, ya dunƙule, ya sake buɗewa. Sannan ya rufe fuskarsa da shi, ya yi kuka.