Lambar Takarda a Motar Lavonne

Kun gan ta, kada ku ce ba ku gani ba. A bayanta kuka tsaya a danjar titin Kingshighway, kuka karanta lambar wucin gadi ta takarda da ke manne a motarta, kuka ga wa'adinta ya wuce da wata biyu. Wasunku suka ɗauki hoto don a yi dariya a waya, sauran kuka kau da kai kuka ƙara muryar rediyo. Ko mutum ɗaya bai tambayi yadda aka yi ba.

Sunanta Lavonne Tibbs. Aikinta kula da tsofaffi a gidajensu, kuma kamfanin da take wa aiki yana ba masu mota awowi masu yawa, don su ke kai marasa lafiya asibiti. Da tsohuwar motarta ta mutu a watan Fabrairu, sai ta haye gada zuwa jihar Illinois, inda ta samu wata da rangwamen dala ɗari takwas. Ta sa hannu a takardun bashi, ta dawo St. Louis tana waƙa. A saninta, ko sabulu ka saya a kanti, nan take ake haɗa maka haraji. Ta ɗauka mota ma haka ne. Sai da ta je karɓar lambar ƙarfe aka gaya mata dillalin can bai karɓi harajin jiharsu ta Missouri ba, ita za ta biya a nan, dala dubu ɗaya da sittin, a dunƙule.

Wata biyu tana tarawa, tara tana hawa a kai. Ranar Litinin shugabarta, Madam Oglesby, ta ce ranar Juma'a za a duba takardun motar kowa, wadda ba ta da lamba mai rai ba za ta ƙara ɗaukar mara lafiya ba. Lavonne ta kwashi ɗari shida da ta haɗa ta koma ofishin lasisi. Matar da ke bayan kanta ta saurare ta da kyau, har ta kira ta 'yar uwa, amma ta ce ba a karɓar rabi. Doka ce, ba ita ba.

Daga nan gidan Kawu Purvis ta nufa, ƙanen mahaifiyarta, wanda ya yi shekara talatin yana rubuta allunan shaguna kafin ya ajiye aiki. Ta same shi yana gasa haƙarƙari a bayan gida. Ya zagaya motar, ya tsuguna gaban takardar.

"To, ga mai wayon Illinois," in ji shi. "Kin je neman araha kin dawo da mota mai lambar jarida."

"Kawu, ba wasa na zo ba."

"Ni ma ba wasa nake ba, 'yar nan. Watan uku aka rubuta. Uku kuwa rabin takwas ce, ƙarasa ta kawai za a yi."

Ta matsa gefe ta ba shi wuri. Ya ɗauko baƙin biro, ya riƙe numfashi, ya rufe ukun nan sama da ƙasa, ta koma takwas. Aikin ya yi kyau har ya ba ta tsoro. Ya ce rabin unguwar haka suke yawo, ya cusa mata nama a takarda, ya ce ta gaishe da uwarta.

Ranar Laraba ta ɗauki Mista Vance zuwa wankin ƙoda. Tsoho ne mai shekara tamanin da ɗaya, ba ya iya sauka daga mota sai an tallafe shi, kuma idan ya rasa layinsa sai bayan kwana biyu. Suna kan titin Grand motar 'yan sanda ta shigo bayansu. Danja ɗaya, danja biyu, danja uku, tana nan. Tsohon yana ta ba da labarin wasan ƙwallo, Lavonne kuwa idonta na kan madubi. Lambar da wa'adinta ya wuce, takardar tara ce. Lambar da aka yi wa gyaran biro, za su iya janye motar. Ta hango Mista Vance zaune a bakin titi cikin rana, da bargonsa a gwiwa, yana jiran wanda zai zo ya ɗauke shi.

A danja ta huɗu 'yan sandan suka karya kwana. Ta kai shi, ta jira awa huɗu, ta mayar da shi gida ta ƙananan layuka. Da ta isa ƙofar gidanta, ta yage lambar takardar.

Ba ta jira Juma'a ba. Washegari ta hau bas ta je ta gaya wa Madam Oglesby komai, har da biron. Matar ta cire tabarau ta daɗe tana murza ido.

"Ba zan kore ki ba, Lavonne. Amma Mista Vance sai dai na ba wata. Gidajen da bas ke kaiwa kaɗai zan iya ba ki."

Awa arba'in a mako ta koma sha tara. Motar tana nan a ajiye a bayan gidanta, ana biyan bashinta duk wata, ba ta zuwa ko'ina. Da wannan albashin, ɗari huɗu da ɗoriyar da suka rage sun fi nisa yanzu fiye da ranar da ta fara tarawa.

Matar nan ba ta gudu daga haraji ba. Da ƙafarta ta kai abin da take da shi, aka ce ta koma da shi. Kuna da ɗan majalisar jiha, ku kuka zaɓe shi, ofishinsa yana da waya. Ku kira shi yau kafin a tashi aiki, ku ce a bar mutane su biya harajin mota kashi-kashi, a ba su lamba tun daga kashin farko. Idan sakatare ya ce zai isar da saƙo, ku tambayi sunansa, gobe ku sake kira.