Gorar Tsamiya

Shekara ashirin ina gyaran birki a Alƙahira, har ana ce mini Usta, wato oga, shekara ashirin matata Sanniya tana mitar warin hannuna. In na wanke da sabulu sau uku ta ce in ƙara.

Ranar sha bakwai ga azumi Mitwalli direban tasi ya kawo motarsa. Abokina ne tun muna samari. Ya dire gorar ruwan tsamiya a kan bencina, ya ce ta buɗa-bakinsa ce, kada in sa mata ido. Na zuƙe masa tsohon man birki, ya yi baƙi ƙirin. Kwanon da nake tarawa ya fashe, sai na tara a wata gorar roba, na rufe, na ajiye a bencin. Ni da nake wa mutane faɗa a kan wannan gangancin!

Saura minti goma a sha ruwa na zo rufe gareji, na ga gora. Na buɗe don in zubar, sai ƙamshin tsamiya ya buge ni. Mitwalli ya tafi da man birkin. Na san shansa, ba ya kurɓa, kafa kai yake sai ya ga gindin gora, kuma wannan man ƙoda yake kashewa.

Na kira, bai ɗauka ba. Na sake. A kira na biyar ya ɗauka.

"Usta Ragab, lafiya? Ko birkin ne ka manta ka mayar?"

"Kada ka sha gorar nan! Man birki ne!"

"Ba ta wurina. An raba mana abin sha a kan titi, sai na bi ta layinku na miƙa wa matarka Ummu Huda. Na ce tsarabar yara ce."

A daidai nan igwar da ake harbawa don sanar da shan ruwa ta tashi.

Ban san na bar garejin a buɗe ba. Gudu nake ina kiran Sanniya, wayar na ta ƙara, ladanai sun ɗauka ta ko'ina. 'Yata Huda shekararta bakwai, bana ta fara gwada azumi, kuma ita ake fara zuba wa. Tsoro irin wannan ban taɓa ji ba. Na haye benen hawa huɗu, na banke ƙofa.

Suna zaune a gaban faranti. Kofin Huda cike yake da baƙin ruwa, ta kumbura baki tana hawaye. Sanniya ta riƙe mata wuyan hannu gam.

"Ko ɗigo ba ta sha ba," in ji ta. "Ina zubawa na ji warinka."