Na'ura Sittin da Huɗu, Kogi Ɗaya

Ƙarfe biyu na rana za a rufe gadar garin. Kafin nan dole Marlys Thorsrud, mai hasashen ambaliya, ta gaya wa masu aikin ceto ko kogi zai haura shingen buhunan yashi, don su san ko za a kwashe tsofaffi tamanin da ke gidan jinya a bakin ruwa, a tsallaken gadar. Sha biyu da rabi ta yi, lissafin ko kashi ɗaya cikin uku bai kai ba.

Shugabanta Dwayne, mutum mai son a ga ya yi ƙoƙari, shi ya roƙo na'urori masu ƙwaƙwalwa sittin da huɗu da safe, ya yanka lissafin kogin gunduwa-gunduwa, ya raba musu daidai wa daida. Ya manta ruwa daga sama yake gangarowa. Kowace na'ura sai ta jira sakamakon wadda ke samanta kafin ta taɓa nata aikin, saƙon kuma yana cin lokaci a hanya. Yawancinsu a zaune suke, suna jiran wasiƙa.

"Tsayar da shi zan yi," in ji Marlys. "Gunduwoyin da ke bin juna su koma na'ura guda. Babban kogi ɗaya, rassa uku. Huɗu sun isa."

"Huɗu? Baiwar Allah, kofi ne ya hau miki kai? Aikin awa biyu za ki zubar!"

"Zaman jira na awa biyu dai, ranka ya daɗe. Da yawan jama'a na kawo sauri, ai da taronku na Litinin bai wuce minti biyar ba."

"In kika yi kuskure fa?"

"Sai ka sa sunana a rahoto. Wannan kam ka iya."

Ta danna. Allon ya koma sifili. Lissafi ya sake farawa, a na'ura huɗu.

Ɗaya da kwata, rabi. Waya ta yi ƙara har sau uku, ta ƙi ɗagawa, don sakamako bai fito ba tukuna. Dwayne na ta safa da marwa a bayanta.

Biyu saura minti goma sha ɗaya lambar ta fito. Ruwa zai haura shingen da taƙi ɗaya.

Ta fizgo wayar, ta kira masu aikin ceto. "Kada ku rufe gadar tukuna. Ku turo motoci yanzu, a fara da masu keken guragu."