Zanen 'Yar Dako

Ranar Litinin hutun haihuwar Lastri zai ƙare, ga shi yau Asabar, kuma har yanzu ba a san wanda zai goyi jaririyarta Wening ba.

Bu Sumirah, wato Mama Sumirah, mahaifiyar Gunadi mijin Lastri, ciwon baya ya hana ta ɗaukar ko tulu, don haka ta yanke hukunci tun kafin shayin safe ya huce: Lastri ta ajiye aikin ungozoma. Shekara uku na karatu, da matan ƙauyuka huɗu masu jiran ta a ƙaramin asibiti, duk a watsar, don kawai haka aka saba yi kuma ba wanda ya taɓa zama ya tambayi dalili.

"Ni zan goye ta, Bu," in ji Gunadi. "Ai ina shagon ƙofar gida wuni guda."

"Kai, Le, ɗan nan? Kai da ko ƙwai aka aike ka sai ka dawo da rabi?"

"Sau ɗaya ne, kuma ina ɗan shekara tara."

Tsohuwar ta kurɓi shayi. "To. Yarinyar nan ba ta barci sai a zane. In ta yi barci a jikinka, ba ƙulli, ba fil, hannayenka biyu a sake, na yi shiru. In ba haka ba, matarka ta rubuta takardar ajiye aiki."

Nan take aka gwada zanen Lastri. Ya kewaye ƙirjin Gunadi da ƙyar, bakinsa bai ma kai inda ake murɗawa a soke bayan kafaɗa ba. Ya ga idon Lastri ya koma kan farin kayan aikinta da ke rataye a ƙusa.

"Kilo nawa take, Dik?" ya tambaye ta, da irin kiran da miji ke yi wa matarsa a can.

"Shida cif, Mas," ta ce, da kiran girmamawa da ake yi wa maza. "Jiya na auna ta."

Da ya isa babbar kasuwar birnin Yogya, bai nufi layin masu zane ba sai da ya sa aka auna masa kankana mai kilo shida. Ya rungumo ta har rumfar Yu Parmi, wato Yaya Parmi, wadda ta san shi tun yana bin mahaifiyarsa da majina a hanci.

"Barka da arziki, Mas Gun," ta ce tana leƙa kankanar. "Kai ta ɗauko, musamman wajen kai."

"Yu, dogon zanen goyo nake so. Nawa ne, ni zan goya."

Maƙwabtan rumfa biyu suka matso da kujerunsu. Gunadi ya nuna wani ja mai sheƙi da zanen dawisu. Yu Parmi ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa ta miƙa masa. Ya rataya a kafaɗar dama, ya zaunar da kankanar a ƙugun hagu, ya murɗa ya soke kamar yadda ya ga mata na yi tun yana yaro. Ya saki hannu. Ya yi taku uku da alfahari. A na huɗu zanen ya sulluɓe, kankanar ta tarwatse a kan siminti.

"Wayyo jikar Bu Sumirah!" wata ta yi ihu, layin duka ya ɗauki dariya.

Gunadi bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon jan ruwan da ke malala.

"Santsi gare shi, na 'yan biki ne," in ji Yu Parmi. Ta ciro wani na auduga zalla, rinin hannu, ruwan ƙasa da shuɗi. "Wannan ne na gaskiya. Amma taɓa ka ji. Kakin rini da sitaci ne fal, kamar kwali. Sai ya sha wanki ashirin kafin ya kama jiki. Me ya sa kake zaton mata ke saye tun ciki na wata bakwai?"

"Jibi nake buƙatarsa."

"To, ka makara da wata biyar."

Wata tsohuwar 'yar dako ta riga ta sauke kwandon albasarta, ta tsuguna tana cin ɓarin kankanar da bai taɓa ƙasa ba. Mbah Ngatiyem ke nan, wato Kaka Ngatiyem, wadda ta shekara talatin tana hawa benen kasuwar nan da kilo hamsin a baya, mutane na wuce ta kamar ginshiƙi. Su ne kuma za su koma gida su ce mace ba ta da ƙarfi, namiji bai iya goyo ba.

"'Yarka akwai zaƙi, Le," ta ce tana tofar da 'ya'yan. "Zo nan. Durƙusa, ka cika tsawo."

Ta warware zanen da take ɗaure kwando da shi. Saƙar hannu ce mai ratsi-ratsi, doguwa sosai, ta koɗe ta yi laushi kamar tsohuwar riga. Ta aika aka kawo wata kankanar, ta zaunar masa da ita, ta mare hannunsa da ya kai zai ƙulla.

"Ba akuya kake ɗaurewa ba! Murɗa sau biyu, soke ta ƙasa. Nauyin ne ke riƙe kansa. Hau bene ka dawo."

Ya hau, ya sauko, ya sake hawa da sassarfa. Kankanar ko gezau.

"Mbah, ki sayar mini."

"In ɗauki albasa da haƙori?" Ta nuna na ruwan ƙasan nan da leɓe. "Saya mini wancan, mu yi musaya. Bayana zai horar da shi cikin sati."

Ya wanke zanen sau uku, ya shanya. Lahadi da la'asar Wening na tsala kukan barci, ya fito da ita a ƙugu. Bu Sumirah ta gane saƙar tun daga nesa.

"Jikata a zanen 'yan dako? Me maƙwabta za su ce?"

"Su ce abin da suka ga dama, Bu! Shekara nawa zanen nan yana ɗaukar kayan mutane bai taɓa yar da albasa ɗaya ba. Na kirkin da na fara zaɓa, taku huɗu ya yi. Kuma in Lastri ta zauna a gida, maƙwabtan ne za su je su karɓi haihuwa?"

Yana magana yana kaiwa da komowa, hannayensa biyu na yawo a sama. Bai lura kukan ya tsaya ba.

Tsohuwar ta miƙe a hankali, ta leƙa. Ta ja bakin zanen ta gyara shi ƙarƙashin gwiwoyin jaririyar, ta shinshina.

"Har yanzu da ɗan warin albasa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Rage murya, sarkin surutu, za ka tashe ta." Sai ta juya wajen ƙofar ɗaki, inda Lastri take. "Nduk, 'yar nan, me kike tsaye kina kallo? Kayan aikin naki su za su goge kansu?"